Awa Ɗaya Ce Kawai, In Ji Ango

Akwai wata magana mai daɗi da samarin Abuja suka iya shirya wa iyaye in sun zo neman aure ƙasar Sakkwato: "Haba Inna, ai ba nisa, awa ɗaya ce kawai a jirgi." Ba ƙarya suka yi ba. Daga Sakkwato zuwa Abuja ta sama kusan kilomita 500 ne, jirgi kuwa ba ruwansa da kwana ko rami, miƙewa yake yi sak. Kafin ki gama shan lemon da aka miƙo miki sai ki ji ana cewa a ɗaura ɗamara za a sauka. Amma fa daga filin jirgi zuwa filin jirgi ake wannan lissafin, mu kuma ba mu taɓa jin an ɗaura aure a filin jirgi ba.

Na gane wa idona haka ranar da muka yi rakiyar wata ƙawata amarya daga Kebbe. (Kebbe fa na ce, ƙaramar hukumar da ke kudancin Jihar Sakkwato, ba Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991 ba, don Kanawa kullum sai sun haɗa su.) Ana idar da sallar asuba muka shiga mota, akwatuna a kan cinya, turaren wuta da humra sun cika ko'ina. Sai da rana ta ɗaga muka fito Tambuwal, inda muka hau babban titin da ya taso daga Jega. Nan muka tsaya karyawa da ƙosai da kunu, amarya ko loma ɗaya ta kasa.

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Ki wuce Dogon Daji, ki wuce Shagari, garin tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, sannan Boɗinga. Sa'ar da mutanen kudu suka yi ita ce filin jirgin Sultan Abubakar III yana kan hanyarsu, ba sai sun kutsa cikin gari ba. Duk da haka ga layin awon kaya, ga bincike, ga zaman jira wanda ba mai gaya miki ranar ƙarewarsa. Awa ɗayar nan dai da la'asar sakaliya ta kai mu gidan amarya.

A ɗakin jira ne gwaggonta ta kamo hannun abokin ango. "Ɗana, tambaya nika yi. In ciwo ya kama uwatta da dare, wanga jirgi shina zuwa Kebbe?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "A'a Gwaggo, sai dai a jira wanda zai tashi."

"To kuɗin kujera fa, wa ka biya?"

Shiru kake ji. Ni ko a raina na ce tsohuwar nan ta fi mu duka iya lissafi, don ranar biki kaɗai ango ke sayen tikiti da fara'a. Sauran ranakun mota ce, wuni guda cur, ga fargabar hanya da kowa ya sani.

Ita gwaggon ta san jirgi, ta sauke farali. Daga Sakkwato zuwa Jidda ya haura kilomita 3,500, tafiyar wajen awa biyar, kuma agogonsu ya riga namu da awa biyu. A 2023 da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Ta ce a zamanin kakanninta da ƙafa da jakai ake ratsa Cadi da Sudan, mutum ya yi shekaru, wani ya dawo da furfura, wani ya zauna can ya hayayyafa.

Da aka kira jirginmu ta rungume amarya tana faɗa mata a kunne, "Ki riƙa aje 'yan kuɗin mota ƙasan akwati, kada ki gaya mishi."