Daga Gindin Gobarau Zuwa Bakin Dutsen Kerang

Mu 'yan Katsina a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka tashi. Idan ka tsaya a Ƙofar Ƙaura ka dubi gabas da yamma, babu abin da zai tare maka ido sai gine-gine da itatuwan bedi. Da yawanmu abu mafi tsawo da muka taɓa hawa shi ne hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin ƙafa 50. Duk da haka a aji muna zana dutse mai aman wuta, mu rubuta yadda narkakken dutse ke tasowa daga cikin ƙasa, mu ci jarrabawa a kai, alhali ba mu taɓa taka ko da ɗaya ba. Wannan ne ya sa mu 'yan aji biyu a sashen nazarin ƙasa muka yi shawarar zuwa Filato a hutun zango, da jakunkunanmu a baya da ɗan abin da muka tara ta hanyar adashe.

Tara kuɗin bai ba mu wahala kamar samun izini ba. Iyayenmu suna tuna rikicin Jos na 2001, wanda aka yi kafin a haifi yawancinmu, da na 2008 lokacin muna yara ƙanana. Mu kuma muna da namu abin tunawa. Muna sakandare a watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma tun daga lokacin kalmar yawon buɗe ido ta zama abin faɗuwar gaba a gidaje da yawa. Babu wanda zai ga laifin uwar da ta ce ɗanta ba zai je ba. Cikin mu arba'in da 'yan kai, mutum goma sha takwas ne suka samu izini, mata huɗu kacal a ciki. Su ma sai da malamin da ya yarda ya raka mu ya kira gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi hanyar da za mu bi da inda za mu kwana, ya kuma yi alƙawarin ba za mu yi tafiyar dare ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kano, daga nan muka bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, muka faɗa Saminaka. Tun daga Doguwa ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu suka riƙa ɓullowa. Malam ya nuna mana wajen da Riruwai take, ya ce duwatsunta gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta wanda iska da ruwa suka cinye samansa cikin shekaru sama da miliyan 100. Irin waɗannan duwatsu a jere suke tun daga Filato, su bi ta Riruwai da Damagaram har zuwa Azbin a Nijar. Da muka wuce Jengre mota ta fara haki a kan hawa, kunnuwanmu suka toshe, iska ta yi sanyi. Katsina tana kan tudun da bai fi mita 500 da 'yan kai ba daga saman teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne mai araha, irin wanda ɗalibai da matafiya marasa ƙarfi kan sauka. Ɗaki biyu muka kama, maza a babban, mata a ƙaramin, gadaje masu hawa biyu, bargo ɗaya ga kowa. Girki da kanmu muke yi a risho, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da muka taho da su. Mai kula da gidan wata dattijuwa ce Kirista, Mama kowa ke ce mata. Tun kafin mu tambaya ta nuna mana alƙibla, ta ce ɗaliban arewa sun sha sauka a wurinta. Da asuba muka tarar ta ajiye mana tukunyar ruwan zafi a bakin ƙofa. “'Ya'yana, ruwan Jos ba na alwalar baƙo ba ne,” in ji ta. Da Hausa ta faɗa, kuma da Hausa muka ji suna waƙoƙin addu'arsu ranar Lahadi. Wannan ma karatu ne ga wasunmu da ba su san cewa harshen da muka tashi da shi shi ne ke haɗa ƙabilun Filato masu yawa a kasuwa da coci ba.

Rana ta biyu muka hau duwatsun Shere da ke gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829. A nan ne cibiyar horar da matasa kan shugabanci da juriya take, wadda aka fi sani da Man O' War. Hawan dutse ba ya duba makin jarrabawa. Wanda ya fi mu ƙoƙari a aji shi ya fara zama yana neman numfashi, wata 'yar ajinmu kuwa da ba ta cika magana ba ita ta riƙa tsayawa tana miƙa wa 'yan uwanta hannu, da hijabinta da takalmin kambas. Mun koyi cewa jaka mai nauyi abokiyar gaba ce, ruwa ya fi lemon kwalba, kuma gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. Daga sama muka hangi garin Jos da kududdufai masu yawa suna ƙyalli, waɗanda ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa.

Abin da ya kawo mu kuwa yana ƙaramar hukumar Mangu, a ƙasar Mwaghavul, wajen Panyam da Kerang. Duwatsun Shere manyan falale ne da tarin ƙattan duwatsu, amma na Kerang tuddai ne masu siffar ƙoƙo a kife, kamar yadda muke zanawa a takarda. Sun daɗe da mutuwa, ciyawa ta rufe su, ana noma a gefensu. Muka riƙa tsintar baƙaƙen duwatsu masu ƙananan ramuka, Malam ya ce iskar da ta fita lokacin da narkakken dutsen ke hucewa ce ta bar su haka. Ƙasar da ta samu daga ruɓewar waɗannan duwatsu tana da albarka, ga masara da acca da dankalin Turawa, wanda sanyin wurin ke taimaka masa. Ruwan gora na Swan, wanda muke sha a Katsina ba tare da karanta jikin robar ba, daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura shi. Mun kuma je tafkin Pidong kusa da Ampang, inda ruwa ya taru a cikin bakin dutsen da wuta ta taɓa fita. Muka tsaya a gefe shiru, kowa ya manta da wayarsa na ɗan lokaci.

A wani ƙauye da ke kewaye da shingen ƙerana muka ga ƙuru, ɗan ƙaramin dokin Filato. Ba sai an gaya wa Bakatsine mene ne doki ba. Mun tashi muna cika Kangiwa ranar hawan Sallah, muna jin labarin yadda Sarki Dikko ya kawo wasan folo da yadda Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa. Amma da aka ƙirga, cikinmu goma sha takwas mutum uku ne kawai suka taɓa hawa doki. A gida doki na sarauta ne da masu hali, mu 'yan kallo ne. Dattijon da ke da ƙurun ya ce a da babu sirdi babu likkafa ake hawansa, a je farauta ko yaƙi, yanzu kuma saura kaɗan a yankin, babur ya karɓe aikinsa. Ya shimfiɗa buhu a bayansa, jikansa ya riƙe ragama, muka riƙa hawa bi da bi muna zagaya gindin tudu.

Muka ce, “Baba, ai wannan a Katsina ba zai shiga hawa ba.” Ya yi dariya ya ce manyan dawakan da muke taƙama da su sun sha zuwa gindin duwatsun nan a zamanin kakanni, kuma sun koma, don ba su iya hawan dutse ba. “Kakanninku da mashi suka zo, ku da littafi. Ku zauna a kawo muku ruwa.” Babu ɗaci a muryarsa. Mun karanta tarihin ƙarni na 19 daga ɓangaren masu hawa dawakai, ranar kuma muka ji shi daga bakin jikan waɗanda suka tsaya a kan tudu.

Kafin mu juyo mun leƙa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da fadar Katsina. A nan wani cikinmu ya yi tambayar da ta hana mu sukuni a hanyar dawowa: mu nawa ne muka taɓa zuwa Durɓi-ta-Kusheyi, ko rijiyar Kusugu a Daura, ko madatsar ruwan Zoɓe a Dutsin-Ma? Hannuwa kaɗan ne suka tashi. Dajin Rugu kuwa sunansa kawai muka sani, kuma ba a labarin alheri ba. Muna iya kwatanta titunan Dubai da muke gani a TikTok, amma 'yan bindiga sun mayar da wani yanki na jiharmu wurin da ba ma iya takawa. Mu ne gobe za a ba aikin safiyo da tsara birane da yaƙi da kwararowar hamada a ƙasar da ba mu gani da ido ba.

Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu kwana biyar muka yi, ba mu ƙetare ko iyakar ƙasa ba. Ba ma cewa kowa ya saɓa jaka ya faɗa daji, domin tsoron iyayenmu yana da tushe, Mangu ɗin ma ta ga tashin hankali a 2023. Abin da ya yi mana amfani shi ne tafiya a ƙungiya, da malami, da tambayar mutanen gari kafin a taka ko'ina, da shiga masauki kafin magariba. Da wannan tsari muka sake buɗe adashe. Zango mai zuwa Daura da Durɓi za mu je, tafiyar yini ɗaya, kuma mun riga mun roƙi Malam ya fara kiran gidajen 'yan ajinmu mata da aka bari a baya.