Allon Shago da Tutar Najeriya



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Katako a nan Laranto ya san allunan shagunanmu: sunan mai shago, inkiyarsa, lambar waya uku, jerin kaya tun daga shinkafa har ashana, kala bakwai, wani ma har da hoton jirgin sama (ko me ya haɗa jirgi da shagon hatsi, oho). Mutum ya biya kuɗin allo, don haka duk inda aka bar fili gani yake an cuce shi.

Da na gama sakandare na fara koyon zane da CorelDraw, ina haɗawa da jiran shagon Baba. Abin da ya fi gyara mini aiki shi ne tarihin tutar ƙasar nan. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da ya shiga gasar zana tuta, aka zaɓi nasa a 1959 cikin zane sama da 2,000, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a jikin farin, alƙalan gasar suka cire ta. Abin da ya rage, kore, fari, kore, shi aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960, kuma ɗan firamare ma zai iya zana shi da ka.

Yanzu in an kawo mini aikin allo, abu uku nake sawa: suna, sana'a, lamba ɗaya. Kala biyu. Fasinjan Keke Napep ba ya tsayawa karatu, wucewa yake yi. Kuma masu sayayya a Katako ba duka ke karanta Hausa ba, akwai Birom, akwai Ibo, akwai Angas. Hoton buhu guda babba ya isar musu da saƙo. Ga sauƙi kuma, tambarin da ba shi da tarkace yana fita tsaf a rasit, a hatimi, har a jikin leda.

Ba kowa ke yarda ba. Wani abokin Baba ya dubi nasa ya ce, "Yaro, ina sauran rubutun? Ko kuɗin fenti ka cinye?" Na ce, "Baba Alhaji, mu tsallaka titi mu duba daga can." Daga can sunansa kawai ake iya karantawa a layin. Ya karɓa, amma da sharaɗin in mayar masa da lambarsa ta biyu. Wasu biyu kuwa sun kai aikinsu wani wuri.

Wassalam.