Robar da ta wanke ajinmu

Duk ɗalibin makarantar nan ya san kurar ruwanmu. Ita muke turawa kowace safiya zuwa famfon unguwa a nan Takur, mu ciko jarka goma mu dawo. Kowace jarka tana cin lita 25, wato nauyin kilo 25. Kun ga kurar na ɗaukar kilo 250 ke nan.

A makon da ɗibar ruwa ta zagayo kan ajinmu, jarka biyu suka huje a hanya. Muka shigo makaranta ruwa na zuba a bayanmu. Aka ce ganganci muka yi, kuma sai mun biya. Wasunmu har da hawaye, don mun san ba mu yi gudu da ita ba.

Malamin fasaha ne ya ce, "Ku sauke jarkokin mu ga cikin kurar." Da muka sauke, sai ga laifin a fili. Robar da aka shimfiɗa a kan ƙarafan da jarka ke zama ta cinye, ƙarfe mai tsatsa ya fito tsirara. Ta ƙafafun da kurar ke tsayawa a kai ma, ɗaya ta faɗi. Malam ya ce zafin rana ne ke busar da roba ta tsattsage, nauyi da gargadar hanya su ƙarasa ta.

Muka je wurin mai faci a bakin titi, muka gaishe shi, muka ce, "Baba, tsohuwar taya muke nema." Ya ba mu ɗaya kyauta, ya ce, "'Ya'yana, ku yanki gefenta, don tsakiyar akwai waya, za ta yanke muku hannu."

Ranar Asabar muka haɗu. Notuna sun ƙi kwancewa, sai da muka ɗiga musu baƙin mai muka jira. Muka kankare tsatsar, muka auna kowane ƙarfe da rula. Malam ne ya riƙe wuƙa, mu kuma muka huda robar da ƙusa mai zafi, muka ɗaure da sufana. Ta farko mun yanka ta gajarta, dole muka sake.

Ranar Litinin muka kai wa shugaban makaranta tsohuwar robar a leda. Ya jujjuya ta a hannu, ya ce an yafe mana kuɗin jarka.

Yau mako shida ke nan ba jarkar da ta huje. Roƙonmu ga ajin da kura za ta koma hannunsa: kafin ku ɗora jarka, ku duba robar. In kun ga ta fara tsagewa, ragowar tayar tana ofishin malamin fasaha.