Tabkin Cadi a ƙarƙashin yatsa

A wasannin kwamfuta na koyar da ilimin muhalli, taswira mai motsi ta fi jadawalin littafi kama hankali. Ɗalibi ya ɗora yatsa bisa layin shekaru, ya ja, sai hoto ya sauya. A 1963 tabkin Cadi ya malale kusan murabba'in kilomita 25,000. Da yatsa ya wuce farin 1973, ya iso na 1984, shuɗin ya tsuke zuwa ƙasa da 2,000, garin N'Gigmi ya koma nesa da gaɓa. Yaro ya ga abin da kakansa ya gani, cikin daƙiƙa biyar.

Sai dai hoto ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai jimla a ƙarƙashinsa, kuma a nan masanin harshe yake da ta cewa. In an rubuta "tabki ya ƙafe", an rufe magana, an yi masa jana'iza. "Yana ƙafewa" kuwa na nuna tafiya ɗaya ce ba waiwaye. Duka biyun sun saɓa wa hotunan tauraron ɗan Adam, domin tun shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana cika yana raguwa gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo. Masunta suna cewa ruwa ya janye, kuma mai janyewa yakan dawo.

Mai tsara wasa da ya tsayar da layin shekaru a 1984, ya kuma ɗauko fi'ilin farko da ƙamus ya ba shi, ya koya wa ƴaƴan Difa fid da rai da tabkin da iyayensu ke su a cikinsa.