Kasuwar Zane Mai Motsi: Mu Masu Saye Ne Kawai?

Duk malamin da ya taɓa bayyana wa yara ƴan aji CE2 yadda ruwa ke tashi daga tabki ya zama girgije, ya sake dawowa ƙasa, da alli da allo kaɗai, ya san wahalar abin. Sai ka yi ta zana kibiyoyi, yara na kallonka, rabinsu sun gane, rabi sun haddace kalmomin kawai. Amma ka nuna musu zane mai motsi na minti ɗaya a wayar salula, sai ka ji aji ya yi tsit. Gani ya kori ji. Wannan ne ya kai ni ga kasuwannin intanet inda ake saye da sayar da irin waɗannan zane-zane, kuma ina ganin ya dace malamai da iyaye su san yadda suke tafiya.

Kasuwa ce kamar kowace, sai dai babu rumfa. Mai zane a Indonesiya ko Turkiyya zai haɗa ɗan gajeren zane, ya ɗora shi a shafi irin su VideoHive na kamfanin Envato, ko Adobe Stock, ko Pond5, ko LottieFiles. Mai saye ya kalli samfuri mai tambarin kamfani a kai, in ya yi masa ya biya, a ba shi na asali. Kamfani ya cire kasonsa, kamar dillali, ya miƙa wa mai zane saura. Zane ɗaya ana iya sayar da shi sau ɗari, bai ƙare ba. Akwai kuma irin su Fiverr, inda kake ba da aiki a yi maka na kanka, kamfanin ya riƙe kashi 20 cikin 100 na kuɗin mai aikin.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, wanda ya biya kuɗi izinin amfani da zanen ya saya, zanen yana nan na mai shi. A Envato izini iri biyu ne: na ƙarami, in abin da za ka haɗa kyauta za a kalle shi, da na babba mai tsada, in za ka karɓi kuɗi a hannun masu kallo. Ke nan ɗauko fayil ɗin a raba shi ta WhatsApp ko Xender ga duk malaman gari cin haƙƙin wani ne, ko da ba wanda zai kama mu. Mu da muke hana yara satar amsa a jarrabawa, bai kamata mu yi wa wannan riƙon sakainar kashi ba.

Na biyu shi ne kuɗi. Zane mai kyau yakan kai dalar Amurka 20, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato wajen jaka 12 na sefa. A albashin malamin firamare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko kana da kuɗin ma, sai da katin banki ko PayPal. Airtel Money da Nita da Amana da muka saba da su ba sa shiga can.

Na uku shi ne ya fi damuna. Na taɓa nuna wa ajina zanen yanayin shekara da aka yi a Turai. Ƙanƙara na zuba fara fat, ganye na zama ja yana kaɗewa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ina damina?” Gaskiyarta. Babu damina, babu kaka, babu hazon hunturu, babu zafin bazara. A zanen wanke hannu famfo ne ke zuba, babu buta. A zanen gona akwai tarakta da alkama, babu hauya da hatsi. Yaro ya koyi darasin, amma ya tafi gida da tunanin cewa ilimi a ƙasar wasu yake zaune. Kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali mu ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka baki ɗaya. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda ya mai da kwaɗi shugabanni don ya yi wa masu mulki shaguɓe, kuma shekaru da yawa a Tawa ya zauna yana aikinsa. Ya yi haka babu kwamfuta, babu intanet. Yau akwai manhajoji na kyauta, Blender da Krita da Pencil2D, amma yaron da aka kama yana zane a bayan littafinsa, tsawa yake sha a lakwal, ya sha wata a gida.

Ba na cewa kasuwar nan aljanna ce ga mai sayarwa. Gasar tana da zafi, wutar lantarki da kuɗin intanet suna cin riba, karɓar kuɗi daga waje ma wani aiki ne. Kuma kaya na iya mutuwa a hannu. Envato ya fara ne a 2006 a Ostireliya da kasuwar fayilolin Flash. Daga baya aka rufe wannan kasuwar, sannan Adobe ya daina kula da Flash ɗin kansa a ƙarshen 2020. Wanda manhaja kawai ya iya ya tashi a tutar babu, wanda ya iya zane da tsara labari ya koma wata manhajar ya ci gaba. Don haka hannu da ido da labari za mu koya wa yara tukuna.

Shawarata ga ƴan uwana malamai: kafin ku nuna zane, ku kalle shi har ƙarshe, ku cire muryar Turanci ko Faransanci ku yi bayani da Hausa, ku tambayi yara me ya bambanta da garinsu. In makarantu huɗu ko biyar za su haɗa kuɗi, gara su ba wani matashi na Maraɗi ko Damagaram aikin zana rijiya da rumbu da tabkin Madarunfa, su yi yarjejeniya a rubuce cewa kowace makaranta na da izinin amfani da shi.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ko ɗiyarku na da hannun zane, ku saya masa takarda da fensir, ku sa ido kan abin da yake kallo da lokacin da yake ɓatawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rumfar da ba kowa a cikinta a waccan kasuwa ita ce ta kayanmu, kuma ba wanda zai cika ta sai ƴaƴanmu. Allah ya yi musu albarka, ya sa mu dace.