Jar Tarakta ta Gindin Mangwaro



Duk wanda ya tashi a zangonmu na Ejura ya san jar taraktar nan da ke gindin mangwaro, bayan gidan marigayi Alhaji. Mu da muka haura hamsin mun san ta tana tafiya. 'Ya'yanmu kuwa sun buɗe ido ne suka tarar da ita a durƙushe, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, mata suna shanya barkono a kanta. Massey Ferguson ce ƙirar 135, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Ingila, da injin dizal na Perkins mai silinda uku. Alhaji ya saye ta ne zamanin Acheampong, bayan gwamnatin soja ta ɗaga shirin nan na 1972 mai kiran kowa ya ciyar da kansa. A wancan lokaci, in an ce Bahaushe a ƙasar nan, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne goro da shanu da fawa. Wannan tarakta ta nome gonakin masara na Hausawa da na Asante da na Dagomba, har ta sa aka riƙa lissafa mu cikin manoma.

Bara Allah ya yi wa babban ɗan Alhaji rasuwa, magada suka zo gaban Sarki domin a raba abin da aka daɗe ba a raba ba. Da yake alƙalamin fada a hannunmu yake, mu muka rubuta kayan: gida, gonaki biyu, sai tarakta. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da ƙafa, ya faɗi farashi bisa nauyi. Har an kusa sallamawa sai wani dattijo ya nemi iso. Shi ne makanikin da ya koyi aiki a Magazin ta Suame a Kumasi, ya kuma yi ƙuruciyarsa yana tuƙa ta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta mutu ba. Ruwa ta sha."

Sarki ya ce, "Baba, shekara nawa tana kwance?"

Ya ce, "Ko nawa ne. Salansa aka bari a buɗe, damina ta shiga ta sama, tsatsa ta kama fistan. A ba ni ita in tashe ta."

Wani jikan Alhaji da ya zo hutu daga Amurka ya mara masa baya. Ya nuna mana a waya yadda dattawan can suke neman ƙananan taraktocin lambu, irin su Cub Cadet da ta fito a 1961 da John Deere 110 ta 1963, su kwance su ƙusa-ƙusa, su mayar da su kamar ranar da suka bar masana'anta, sannan su jera su a fili jama'a su zo kallo. Ba noma suke yi da su ba, sha'awa ce kawai. Gaskiyar magana, da farko mun ɗauki abin wasan masu ƙoshi. Mu da malamanmu suka tsoratar da mu game da almubazzaranci, da wuya mu ga mutum yana zuba kuɗi a ƙarfen da ba zai ciyar da shi ba mu yi masa uzuri. Sai dai malaman nan su ne kuma suka karantar da mu cewa tozarta dukiya abin ƙi ne, kuma sare injin da ke da sauran rai a auna shi a sikeli bai yi nisa da hakan ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Taraktar ta magada ce, cikinsu akwai marayu da matar da ke jiran tumuninta. Babu wanda ke da ikon riƙe haƙƙinsu don yana kewar ƙarar wani inji. Sarki ya yanke cewa mai son ta ya saye ta, da farashin da ya ɗara na mai ƙarafa. Juma'a uku muna ajiye faifai a ƙofar masallaci kafin kuɗin ya cika. Aka biya magada, muka rubuta, shaidu suka sa hannu, sannan Baba ya taɓa ta da sifana.

Aikin ya ci wata bakwai. Ya cire kan injin, ya cika silinda da dizal haɗe da baƙin mai, ya rufe da tsumma, ya hana kowa matsawa kusa. Kowace safiya bayan asuba yakan sa ta a giya, yara su kama babbar taya su jijjiga a hankali, gaba da baya. Matasa sun so a sa guduma a gama. Ya ce fistan da aka tashe shi da duka ba ya yafewa. A mako na biyar ya motsa da kaurin yatsa, Baba ya zauna a kan kututture ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan aka shiga zirga-zirgar Kumasi ta hanyar Mampong: fistan da ringi sababbi, famfon mai a kai wa masu saita shi, lagireto a yi masa walda. Abin da ya taimake mu shi ne har yau ana yin taraktoci masu irin wannan inji a Pakistan da Indiya, don haka kayan ba su yanke ba, ko da yake sau biyu ana sayar mana da na jabu. Idanun Baba sun yi rauni, da yatsa yake gane ƙusa. Dole ta sa ya jawo yara huɗu 'yan makarantar dare su zama idanunsa, kuma a ganinmu wannan ya fi fentin da aka shafa mata daraja. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi kaɗai yake cire iska daga bututun dizal.

Ranar da ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mangwaron, kaji suka watse, tsofaffin mata suka fito suna guɗa. Matar marigayin ba ta fito ba. Ta aiko da ƙwaryar fura, da saƙon cewa ta ji muryar daga ɗaki kuma ta gane ta.

Sabuwar gardama ita ce ta yanzu. Waɗanda suka ba da kuɗi da yawa suna so a riƙa ba da ita haya a damina biyun nan tamu, ta mayar da abin da ta ci. Baba ya ce tsohuwa ce, in aka sa ta gonakin kasuwa da direbobin haya ba za ta ga shekara biyu ba. Jikan Alhaji kuma daga Amurka yana roƙon a yi mata rumfa a ajiye. Mu dai mun fi karkata ga ra'ayin Baba, domin shi ya san abin da ke cikinta, amma rumfar kallo ba ta kwanta mana ba.

Kafin Sarki ya yanke hukunci, an yarda ta nome filin makarantar allo da gonakin zawarawa uku. Har yanzu tana ɗigar da mai ta ƙasan giya, Baba ya ajiye tsohuwar tasa a wurin, yana jiran wanda zai tafi Kumasi ranar Asabar.