Lissafin Kaka Tun Da Bazara

A Kurgu, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Benin, akwai wani malamin firamare da ya ɗauki alkawarin da ya hana shi barci. Ɗan wansa, saurayi ɗan shekara 19, ya yi tsawon da sai ya sunkuya kafin ya shiga zauren gidansu. Malamin ne ya fara ɗora masa ƙwallo a hannu, a wani fili bayan makaranta inda aka kafa zoben ƙarfe jikin gungumen giginya. Shi ne kuma ya raka shi birni ranar da wata sabuwar ƙungiyar ƙwallon kwando ta gwada samari, ta ɗauke shi bisa albashi. Uban yaron manomin shinkafa ne, bai kuwa sakar masa ba sai da ƙanen nasa ya tsaya masa. Sharaɗi guda ya kafa, watau kakar wasa ɗaya tak. In an ga amfani, madalla. In ba a gani ba, yaro ya komo fadama.

Tun ba a soma gasa ba, sai zance ya riga ƙwallo tashi. A teburin mai shayi aka rabe kofi, aka kai ƙungiyar Kigali, wani ma ya kai yaron Amurka ya ajiye shi kusa da Hakeem Olajuwon, mutumin Ikko da ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Wani ɗan acaɓa mai kai fasinja tsallaken iyaka ya ce shi har ya yi wa mutanen Segbana albishir. Malamin yana jin su, gabansa yana faɗuwa, domin ya lura kalmar "amfani" da wansa ya faɗa ta fara sāke kama a bakin mutane, ta zama "kofi". Da wannan mudu za a auna yaron ran da kaka ta ƙare, alhali kuwa ba mudun da ya dace da shi ba ne.

Malamin ya san wasan nan tun yana ɗalibi a Zariya, garin da Masai Ujiri ya tashi ya koyi ƙwallon kwando, kafin ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofi a 2019. Ya san abin da ƙuruciya take bayarwa: gudu, da tsalle, da rashin tsoro. Ya kuma san abin da ba ta da shi. Mutum biyar ne a fili, suna da daƙiƙa 24 kacal su jefa ƙwallo, saboda haka dole kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun bai waiwaya ba, wannan kuwa sai an daɗe tare. Yaro mai zafin jini yakan yi laifi biyar tun wasa bai yi nisa ba, alƙali ya fitar da shi. Sau da yawa ƙungiyar samari takan yi rinjaye minti 38, sa'an nan ta zubar da kome a minti biyun ƙarshe, lokacin da hannu ke rawa, tsofaffin 'yan wasa kuwa suna tafiya a hankali kamar masu zuwa kasuwa.

Bugu da ƙari, yana riƙe da labarin waɗanda suka riga su bin wannan hanya. A watan Disamba na 2021, Memphis Grizzlies ta lallasa samarin Oklahoma City Thunder da maki 152 da 79, tazarar da ba a taɓa gani ba a NBA. A wannan kakar wasa 24 suka ci cikin 82. Masu ƙungiyar ba su watsa su ba. Kaka ta gaba suka ci 40, ta bayanta 57, sa'an nan 68, suka ɗauki kofi a watan Yuni na 2025. A gida ma haka abin yake. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta je gasar BAL ta farko a Kigali a 2021, ba ta wuce rukuni ba, amma a 2024 ita ce ta uku a Afirka. Nan Arewa kuwa, duk sabuwar ƙungiya sai ta tuna akwai irin su Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama. Ga kuma rikicin shugabanci da ya kama hukumar wasan ta Nijeriya daga 2017, wanda ya sa shekaru da dama gasar gida ta gajarce. Ke nan kaka ɗaya tana iya zama 'yan wasanni ƙalilan, waɗanda ba su isa a gane yaro ba.

To, amma wansa bai san Memphis ba, bai kuma damu da ita ba. Don haka wata rana da la'asar sakaliya malamin ya same shi bakin gona, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yaya, shekarar da kuka fara ɗaura wa 'yan bijiman nan garma, kunya nawa suka miƙe?"

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ko ɗaya. Sai da suka yi damina uku."

"To, yaran nan ma damanarsu ta fari ke nan."

Wan ya yi shiru, can ya ce, "Na ji ka, Malam. Amma sa in ya ƙi koyo, kasuwar Tsamiya tana nan, in sayar in mai da kuɗina. Ɗa fa? In ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsalle, wa zai biya shi? Ga girbi yana zuwa, hannun da na rasa sai na yi hayarsa."

Malamin bai sami amsa ba, domin gaskiya ce. Ƙungiya tana iya jiran shekara huɗu, in wani ya karye ta ɗauko wani, amma gida ɗa guda ya bayar. Haƙurin da yake roƙo, da aljihun wansa za a biya shi. Sai suka zauna suka sāke mudu tsakaninsu. Ba za a tambayi kofi ba. Za a duba ko mai horarwa yana ƙara wa yaron mintoci daga wasa zuwa wasa, wannan na malamin ne. Za a duba ko albashi yana zuwa kan lokaci, da ko yaron ya riƙe sallarsa da karatunsa, wannan na uban ne. In biyun suka tsaya, a ƙara masa kaka. In ɗaya ya faɗi, malamin da kansa zai je ya ɗauko shi.

Daren da za a wayi gari a soma gasa, yaron ya bugo waya, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Baffa, an ce mini duk gari ana jiran kofi."

"Bar su, ɗana, shayi suke sha. Gobe in an sa ka, ka tsare mutuminka, ka kiyaye laifi, ka yi magana da 'yan'uwanka a fili. In ba a sa ka ba, ka buɗe ido daga benci. Ka kira babanka ka gaishe shi kafin ka kwanta."

Ya ajiye waya, ya jawo wani tsohon littafin rajista, ya ja layi uku: ranar wasa, mintocin da aka ba shi, laifin da ya yi. Bai buɗe layin maki ba.